Sunan da Hajiya Delu Ta Ƙi Faɗa

Ku 'yan matan da kuke sallama gidanmu kuna cewa in koya maku aikin waya, don kun ga ina zaune a inuwa da goyo ina danne-danne, ku karanta wannan tukuna. A wayata nake rubuta shi, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da yaro ya yi barci. Karatuna a firamare ya tsaya, in kun ga rubutun ya karkace ku bi shi a hakan.

Sunana Rabi, a Ƙanƙara nake aure. Sana'ata a cikin gida take. Matan da ba su iya zuwa shagon maza a kasuwa su tsaya ana kallonsu, ni suke kawo wa waya. Ina yin caji, ina sa data, ina buɗe wa mace imel idan ta sayi sabuwar waya, ina karanta saƙo ga wadda ba ta boko, ina tura hotunan suna da na biki. Zulai ta gidan Malam Isa ta ce mani ran nan, "Anti, ai wannan ko a kwance zan iya." Na yi dariya har yaro ya farka.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Faifan sola a kan kwanon ɗaki, wanda nake hawa tsani in goge shi idan ƙura ta rufe. Batir, wanda ya fi jariri son kulawa. Doguwar soket mai baki da yawa. Igiyoyin caji iri-iri, da tsohon burushin haƙori na share bakin waya, don yawancin wayoyin da ake cewa sun lalace gari ne ko ƙullin tuwo ya toshe su. Sai zare kala-kala. Ba na rubuta suna a jikin waya, tunda masu su ba karantawa za su yi ba. Zare nake ɗaurawa a waya, in ɗaura irinsa a yatsar mai ita ko bakin mayafinta. Duk waɗannan suna cikin akwatin katako da maigidana ya ƙera, shi kafinta ne. Na sa ya kafa shi can sama a bango tun ranar da na juya na ga ɗana ya rarrafa ya kama igiya zai kai baki. Har yanzu ko magana nake da mutum, ido ɗaya yana kan yaron.

A Faskari na koya, wajen matar yayana, Anti Larai, kafin a yi mani aure. Na daɗe ban taɓa komai ba sai sawa da cirewa. Wata rana wayar wata mata ta yi haske a hannuna, saƙo ya shigo, idona ya faɗa kai. Ban ma gama layin farko ba na ji dundu a baya.

"Wa ya aike ki?" in ji Anti Larai. "Wayar mace ɗakinta ne. An ba ki ajiya, ba a ce ki ɗaga labule ba."

Ita ce kuma ta koya mani cewa imel shi ne ƙofar gidan waya. Hotuna, lambobin mutane, shafin hira, duk ta nan ake shiga. Kalmar sirri, wadda samari ke kira fasawod, ita ce makullin.

Mummunar shekararmu ita ce wadda aka katse sabis a yankin nan saboda matsalar tsaro. Ina amarya, ga ciki. Waya ta koma tocila da rediyo. Data ba mai saye, saƙo ba mai shigowa. Da sa wa mata karatu da wa'azi a katin memori na waya na riƙa samun na sabulu. A lokacin ne na san wani mutum da kowa ke kira Direba, mai motar hatsi. Mata su zo wajena mu ɗauki muryarsu, in ɗaura wa kowace waya zarenta, in zuba a jaka. Direba ya tafi da su har inda sabis ke kamawa, ya tsaya a bakin hanya ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, saƙonni su fita, amsoshi su shigo, ya dawo mana da su. Ranar da jakar ta dawo, tsakar gidan nan kamar ana biki. Wannan na kuka, waccan na guɗa.

Ta dalilinsa na san mahaifiyarsa, Hajiya Delu. Mutanen wani ƙauye ne can bayan Sabuwa, da tashin hankali ya tashe su. Wasu suka zauna nan Ƙanƙara, wasu Funtuwa, wasu Zariya, samari har Legas. Hajiya ungozomar garinsu ce, rabin mutanen a hannunta suka faɗo duniya. Da sabis ya dawo aka buɗe masu guruf, wato zauren hira na waya, Direba ya saya mata babbar waya. Kullum bayan ta idar da sallar asuba sai ta danna ta yi magana: wance ta sauka lafiya, wane ya rasu za a kai shi da hantsi, masu zuwa duba gona kada su bi ta rafi yau. Ba sarauta gare ta ba, amma in Hajiya Delu ta ce kada a bi hanya, ba mai bi. Garin da ya watse, a muryarta ya rage a haɗe.

Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya kusa salwanta a hannuna.

Kafin ranar da zan ba ku labarinta, wani abu ya faru da wani Alhaji mai sayar da taki a Faskari. An wayi gari ba ya iya shiga wayarsa. Kafin azahar saƙo ya zaga danginsa da sunansa da hotonsa, wai an tare ɗiyarsa a hanya, a taimaka da abin da ya samu. A ƙasarmu wa zai ji haka ya tsaya tambaya? Ƙanwarsa ta kai awakinta kasuwa a ranar. Ashe yarinya tana gida tana tankaɗe. Abin da ya fi ciwo, daga baya ko gaskiya ya turo sai mutane su ce a bari a gani. Ba wanda ya san yadda aka shiga wayar. Shi dai cewa yake, "Ban ba kowa ba, a aljihuna ta kwana."

To, wata Talata da hantsi ina goge bakin wata waya, yaro yana bayana da ɗan zazzaɓin haƙori, sai ga Hajiya Delu ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba. Surukarta Hinde, matar Direba, tana biye da ita. Akwai mata a tsakar gida suna jiran caji, har da Gwaggo Asabe mai ƙosai, wadda bakinta ba ya hutawa.

"Ke Rabi, duba mani wagga waya. Wani jan abu ya hito tun da sahe. Hinde ta ce wai ruhe ni za a yi."

Na karɓa. Saƙon imel ne, da tambarin kamfani a sama, kalarsa da komai, tsaf kamar na gaske. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma kalmomin sana'ata na san su kamar fuskokin maƙwabta. An ce an ga matsala a asusunta, in ba ta tabbatar da kalmar sirrinta yau ba za a rufe, komai ya goge. A ƙasa ga shuɗin wuri na dannawa. Na danna, shafi ya buɗe da ɗan akwati yana jiran a rubuta.

Na tuna guruf, na tuna lambobin mutanen ƙauye guda. Yaro yana ta mutsu-mutsu a bayana, ni kuma so nake in gama in ba shi magani.

"Hajiya, abu mai sauƙi ne. Faɗa mani kalmar sirrinki in sa, yanzu a wuce wurin."

Ta gyara mayafi. Ta dubi katanga.

"Hajiya?"

"Ba ni iya hwaɗi."

"Kin manta ne?"

"Yo ina zan manta? Ni na san ta tun kahin kowa ya sani."

Hinde ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Da ƙyar ta yi mana bayani. Ranar da Direba ya sayi wayar, shi ya buɗe imel ɗin da hannunsa. Da aka zo wajen kalmar sirri, sai ya sa sunansa na yanka, ya haɗa da lambar motarsa. Ya ce, "Inna, na sa maki makullin da ko wuƙa aka ɗora maki ba ki bayarwa." Shi ne ɗanta na fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "mai motar".

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Gwaggo Asabe ta buga cinya.

"Kai, wannan yaro ɗan banza ne! Hajiya, rufe ido ki faɗa, mu ma mu toshe kunne. Yau ɗaya dai."

"Asabe, ke hwaɗi sunan naki ɗan na hwari in ji."

"A'a, ni ba a ce za a rufe ni ba."

Na ce to lambar motar fa? Wannan ta zuba mani ita tiryan-tiryan. Saura suna. Ni kuwa tunda na san shi Direba nake ji, matan unguwa ma haka, tunda baƙi ne a garin. Na miƙa mata wayar na ce ta rubuta da kanta. Ta ce ita allo ta yi, waɗannan ƙwayoyin na boko duk kamanninsu ɗaya a idonta. Sai duk muka juya ga Hinde.

Hinde ta zaro ido. "Ni? Sunan maigidana? A gaban Inna?"

"To matso ki raɗa mani a kunne."

"Wallahi Anti Rabi bakina ba zai iya ba."

"Rubuta a ƙasa da tsinke," in ji Gwaggo Asabe. "Ko hannun ma kunya yake ji?"

Hinde ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Mata suna ta dariya, ni kuwa ina ta duban jan saƙon. Muka kira Direba, waya ba ta shiga, ya yi lodi ya nufi wajen Sabuwa, inda sabis sai an dace. Aka ce akwai wata tsohuwa 'yar garinsu da za ta iya faɗa, aka aika, aka tarar ta tafi suna a garin Mabai. Hajiya ta zauna a kan turmi ta ce, "In ruhewa ce su ruhe. Allah ya ga ban iyawa."

Tunda ba abin yi sai jira, na kwance yaro na ba shi magani, na sa shi a nono. Wayar Hajiya tana ɗaya hannun. Kun san mai shayarwa ba ta da inda za ta, sai kallo. Na koma kan saƙon ina bin shi a hankali, yadda ban yi ba da farko.

Abin da na fara lura da shi, babu sunanta. Kamfanin da ya san lambarta, ya san hotunanta, ya tashi rufe ta, amma bai san ana ce mata Delu ba? Gaisuwar ta kowa da kowa ce, irin ta mai talla a tasha.

Sai na taɓa sunan wanda ya aiko, adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashi ya fito. Na gangara can ƙasa na nemo tsohon saƙon da kamfanin ya turo ranar da aka buɗe wayar. Na gaskiyar gajere ne, tsaf. Wannan kuwa dogo, da tarkacen lambobi, sunan kamfanin an liƙa shi a gaba kawai kamar an ɗinka aljihun shadda a jikin buhu. Na duba saman shafin da ya buɗe mani, shi ma adireshinsa wani daban.

Na fita daga saƙon gaba ɗaya, na shiga asusun ta hanyar da na saba bi kullum, ta cikin saitin waya. Lafiya lau. Ba ja, ba gargaɗi, ba abin da ya taɓa shi.

Sannan na yi wa kaina tambayar da ya kamata in fara da ita. Maigidana yana sa wa mutane ƙofa da kwaɗo. Ban taɓa ganin ya koma gidan da ya yi wa aiki ya ce a ba shi makulli ya tabbatar ba. Wanda ya ƙera abu me zai yi da makullinki? Kuma me ya sa dole sai yau, sai yanzu, har ba a so ki numfasa?

Na miƙe da yaro a hannu na ƙwala ihu. "Hajiya! Ɓarayi ne! Wallahi ɓarayi ne!"

Mata suka zabura, wata har ta nufi ƙofa. Na ce ba a waje suke ba, a cikin wayar suke. Na ce wannan akwatin da nake ta roƙo a cika, ba na kamfani ba ne, hannun ɓarawo ne a buɗe. Da na rubuta, da sun shiga sun canja makulli sun bar mu a waje. Kafin la'asar duk mutanen garinsu za su ga saƙo da hoton Hajiya.

Gwaggo Asabe ta dafe ƙirji. "Irin na Alhaji mai taki!"

"Shi ne. Wayarsa a aljihu ta kwana, gaskiya ya faɗa. Makullin ya miƙa da hannunsa bai sani ba."

Hajiya Delu ba ta yi ihu ba. Ta ce a hankali, "Da sai su ce an ɗauke mai motar." Duk mun san haka za su ce, mun kuma san babu gidan da ba zai fitar da abin da yake da shi ba. Bayan nan kuma, ranar da ta ce kada a bi ta rafi, wani zai ce a bari a gani.

Na goge saƙon bayan na nuna wa kowace mace shi, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba su karatu. Na ce ku dubi jan nan, ku dubi akwatin nan, ku riƙe kamanninsa. Murna ta hana ni zama. Gwaggo Asabe ta rangaɗa guɗa, ta ce yau kunya ta yi rana, ta aika gida aka kawo ƙosai kyauta, abin da ba a taɓa gani ba a unguwar nan.

Da la'asar Direba ya samu sabis ya kira. Da ya ji labari ya yi ta dariya har yana tari. "Ban gaya maku ba? Inna ta fi banki tsaro!" Na ce masa ya yi dariyarsa, amma makullin nan sai an canja. Sunan da duk abokansa suka sani, da lambar da ke rubuce a bayan mota kowa na gani, ba sirri ba ne. Ya ce, "Wato an tsige ni ke nan." Da ya dawo ya buɗe asusun da hannunsa, Hajiya ta zaɓi wasu kalmomi nata da ba su haɗa hanya da juna ba. Na yi kwanaki ina nuna mata ƙwayoyin boko da take buƙata, wannan mai kama da ƙugiya, wancan mai kama da tsani, har ta iya dannawa da kanta. Ranar da za ta sa, na juya fuskata ga bango.

Tun daga ranar na canja yadda nake aiki. Ba na karɓar kalmar sirrin kowa a baki. Mace ta koya ta danna da kanta, ni ina kallon bango, ko da za mu wuni. Wasu suna jin haushi, suna cewa na cika tsirfa. Wadda ta ce ba ta gane abin da nake nufi da sirri ba, tambaya ɗaya nake mata: in baƙo ya yi sallama ya ce faɗi sunan ɗanki na fari yanzu-yanzu ko a kore ki daga gida, za ki faɗa? Sai ta ce Allah ya kiyaye. In ce to haka za ki riƙe wannan. Ba a taɓa samun wadda ba ta gane ba.

Saƙonnin ba su daina zuwa ba, sai ma ƙaruwa. Wani ya ce kin ci kyauta, wani ya ce tallafi ne ya fito, wani ya zo da Hausa tsantsa har da sallama da addu'a. Rigar ce ke canjawa. A ƙarshe duk abu ɗaya suke so, ki rubuta makulli a akwatinsu, kuma ki yi sauri. Ni yanzu da na ga an ce sauri, sai in ajiye wayar in sha ruwa.

Kwanan baya wani ya kira Hajiya, murya mai daɗi, ya ce daga ofis yake, za a turo mata wasu lambobi ta karanto masa. A gidana take, ta sa shi a sifika don mu ji.

"Ɗan nan," ta ce, "kai na hwari ne a ɗakinku?"

Ya ce eh, Hajiya.

"To tahi ka ce uwarka ta kira sunanka. In ta kira, dawo in ba ka."

Ya kashe wayar. Mun yi dariya har Hinde ta ƙware.

Don haka Zulai, da ke da sauran, in har yanzu kuna so, ku zo ranar Asabar da hantsi, kowa da zarenta. Za ku fara da sawa da cirewa kamar yadda na fara. Wadda ta ɗaga labulen wayar wata za ta sha dundu. Wadda ta ce wa mai kawo aiki "faɗa mani in sa maki" za ta koma gida a ranar.

Na san abin da za ku tambaya, don kowa ya ji labarin nan sai ya tambaya. Eh, daga baya na ji sunan Direba. A bakin liman na ji shi, ta kan katanga, ranar sunan ɗiyar da Hinde ta haifa, da ya ambaci uban jaririya. Suna ne mai daɗi, kuma yanzu ba ya buɗe komai. Amma Hajiya ta riƙe shi shekara da shekaru ba ta saki ba, har ya tsare mata gari guda. Ba a wayata zai fita ba.